Na biya dubu ɗaya da ɗari biyar a fassara min mafarki ta WhatsApp, ga yadda muka ƙare

'Yan uwa da yawa sun tambaye ni ya na ga aikin malamin nan da ke tallan fassarar mafarki a TikTok, wanda ake tura wa saƙon murya ya mayar da amsa, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunansa dai ba zan kama ba, irinsu sun cika waya yanzu kuma duk kanwar ja ce.

Abin da ya kai ni, kwana uku a jere ina mafarkin baƙin maciji ya naɗe cikin randar da ke tsakar gidanmu nan Ƙofar Marusa, in na zo ɗiban ruwa sai ya ɗago kai ya tsura min ido, a dare na uku kuma haƙorina na ƙasa ya faɗo a tafin hannuna. Na gaya wa wata ƙawata 'yar Daura sai ta kama dariya wai maciji cikin ruwa ai gadonsu ne, in je in nemo Bayajidda ya kashe min shi kamar na Kusugu. Ita abin wasa ne, ni kuwa barci ya ƙaurace min.

Tsarinsa ba wuya. Mafarki ɗaya dubu ɗaya da ɗari biyar, ki yi tiransifa ki tura risit sannan ki yi bayani da murya. Kuma gaskiya ta wajen sauri ban ga laifinsa ba, ko awa ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo, muryarsa a natse, ya fara da addu'a, yana ce min baiwar Allah ki kwantar da hankalinki. Ya ce maciji maƙiyi ne, tunda kuma cikin gida kika gan shi to maƙiyin na gida ne. Haƙora dangi ne, na sama maza na ƙasa mata. Wannan duk ba ƙirƙirarsa ba ce, haka yake a littattafan ta'abiri da ake jingina wa Ibn Sirin, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin masallaci ran Juma'a, da na sani ma da littafin na saya ya fi min araha.

Daga nan ne zance ya sauya. Sai ya ce mafarkin nan mai nauyi ne sai an buga ƙasa, in turo sunana da sunan mahaifiyata. Na ce Allah gafarta malam ni fassara na biya ba duba ba, ya ce a'a ai wannan hisabi ne, ilmi ne da malaman Katsina suka gada kaka da kakanni. To ta nan bai yi ƙarya duka ba, garin nan ya fitar da masana lissafi irin su Muhammad al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda har yau ake maganar rubutunsa kan hatimi, amma dai ban ga inda wannan ya haɗu da faranti da yashi a WhatsApp ba. Duk da haka na tura, ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya ci ni. Can sai ga hoton faranti an baje rairayi an yi ɗige-ɗige layi-layi, ya ce gidajen ƙasa 16 ne kuma nawa ya faɗa gidan maƙiya, wai akwai wata mace fara mai ɗan jiki da ke yawan shigowa gidana tana min dariya a fuska, in ba a tashi tsaye ba kafin wata ya mutu zan ji abin da ba na so. Magani kuma baƙin zakara da turare da kuɗin aiki, duka dubu 25.

Fara mai ɗan jiki. Dan Allah ku duba, rabin matan Katsina ke nan. Amma wallahi a lokacin ban yi wannan tunanin ba, kaina tsaye ya tafi kan facalata, baiwar Allah da kullum in ta yi dambu sai ta aiko min, kwana biyu ina amsa gaisuwarta da ƙyar, ta aiko da kwanon abinci na ba almajiri ban ko buɗe ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai a duk lamarin, ba kuɗin ba.

Yayana ne ya lura na canza, da na ba shi labari ya ce ke yanzu da karatunki kika kai kanki wajen mai duba, kin manta hadisin da ke cikin Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta dare 40? Jikina ya yi sanyi. Ya ce in shirya mu je wajen tsohon malaminsu na zaure can wajen Gobarau, kuma nan na ga bambanci. Tsohon bai fara da maciji ba sam, da ni ya fara. 'Yata mi kika ci da dare, da alwala kika kwanta, mi kika gani cikin satin nan, akwai inda ke maki ciwo? Sai a lokacin na tuna yara sun kashe maciji bayan ɗakin girkinmu da aka yi ruwan nan mai yawa har na leƙa na gani, haƙorin kuwa ya fi wata yana min zogi ina ta danna masa kanumfari. Ya yi murmushi ya ce mafarki kashi uku ne, akwai na gaskiya daga Allah wanda Annabi (SAW) ya ce yanki ne ɗaya cikin 46 na annabci, akwai na firgitarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, abin da mutum ya yini da shi ya kwana da shi, naki na ukun ne.

Ya ƙara da wani abu da ya zauna min. Wai alama ba ta da fassara ɗaya ga kowa, ana ba da labarin mutum biyu da suka zo wa Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu shekara ta 110 bayan hijira, kowa ya ce ya ga yana kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi aikin hajji, ɗayan kuma ya ce masa sata ce, don ya dubi halin kowannensu. Annabi Yusuf ma da ya fassara shanu 7 masu ƙiba da 7 ramammu ai shawarar tanadin hatsi ya bayar, bai ce a kawo zakara ba. In kin ga abin ƙi ki yi tofi ta hagu sau 3, ki nemi tsari, ki juya kwanciya, kar ki gaya wa kowa. Ko sisi bai karɓa ba, goron da yaya ya ajiye ma sai da ya raba wa ɗalibai.

Don in cire kokwanto na sa 'yar Dauran nan ta tura wa na WhatsApp ɗin mafarkin ƙarya, wai kare ya biyo ta, ni na biya mata kuɗin. Amsa ta zo, maƙiyi na gida, mace fara mai ɗan jiki, baƙin zakara, sai dai ita dubu 30 ya yanka mata, ƙila hoton da ke kan lambarta ya ga ta sha gwal. Hoton farantin ma shi ne dai wanda ya turo min, har da ɗan tsinken da ke gefe.

In maki zan ba shi to ɗaya cikin biyar, ɗayan ma don saurin amsa da iya gaisuwa. Na nemi ya maido min kuɗina ya karanta bai tanka ba, washegari ya yi bulokin ɗina. Haƙorin an cire shi ran Talata, kwanon facalata kuma na mayar mata da shi cike da alkaki, har yanzu ba ta san dalili ba.