Hoton ƙaramin hanji a Ingila: rub da ciki aka kwantar da ni

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga bayanin hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, da kika tambaya saboda ciwon cikin yarinyarki.

Ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6, a nannaɗe. Kyamarar da ake zurawa ta baki ko ta dubura ba ta kaiwa tsakiyarsa, shi ya sa likitana a nan Birmingham ya tura ni MRI da ya yi zargin cutar Crohn, wadda ke kumbura hanji. Ban biya ko sisi a asibiti ba, amma kada ki ce kyauta ne: mai biza irina yana biyan fam 1,035 kowace shekara kuɗin lafiya tun 2024, ga kuma jiran makonni. A Kano, in da kuɗi a hannu kuma na'ura na aiki, kina iya gamawa cikin kwanaki.

Abin da ya burge ni shi ne shiri. An hana ni abinci awa 6. Da na isa, aka ba ni lita ɗaya da rabi na ruwan mannitol (wani sinadari mai zaƙi), in riƙa kurɓa cikin minti 45 don hanjin ya buɗe. Aka sa na cire 'yan kunne da fil ɗin mayafi, har kwalli sai da na goge, domin wani yana da ƙarfe a ciki. Na nemi ma'aikaciya mace, aka ba ni.

Sai kwanciya. Rub da ciki, hannuwa miƙe sama da kai, matashi ƙarƙashin ƙwauri, cikin nan dam da ruwa. Ma'aikaciyar ta ce nauyin jiki ne ke danne cikin ya baje hanjin, numfashi kuma ba ya girgiza hoton sosai. Mai juna biyu ko wanda aka yi wa aiki a ciki, rigingine ake kwantar da shi. Ta yi min allurar Buscopan don hanjin ya lafa, ta toshe min kunne saboda ƙarar na'urar, tana ta cewa in riƙe numfashi, in saki. Minti 40 ke nan, ba ta gaji da lallashi ba.

Don Allah, kafin ku biya, ku tambaya ko suna ba da ruwan nan, domin hanjin da bai cika ba yana iya ɓoye kumburi. Ku kuma tuna wa likita batun tarin fuka na hanji, wanda ke kama da Crohn a hoto kuma ya fi yawa a wajenmu can gida. Ranar kada ku yi nisa da banɗaki, ruwan yana sa gudawa.

A gaida su Inna.