Aikin Motar Asibiti: Wane Horo Ya Cancanci Kuɗinka?

Kafin ka sayi fom, ka sani abu uku ake tallatawa da suna kusan ɗaya, amma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba.

Mafi arha shi ne kwas ɗin taimakon farko, irin na Red Cross, ko BLS, wato horon farko na ceton rai, da ake gamawa cikin yini guda. Za a koya maka danna ƙirji sau 30 ga wanda zuciyarsa ta tsaya, ka hura masa numfashi sau 2, da tsayar da jini. Ilimi ne da ya kamata ko kwandasta ya samu. Sai dai ba sana'a ba ce, kuma takardar BLS shekara 2 take yi a sabunta ta. Duk wanda ya ce mako guda ya isa ya mai da kai faramedik, wato ƙwararren ma'aikacin agajin gaggawa na motar asibiti, aljihunka yake kallo.

Na biyu shi ne ainihin aikin: diflomar faramedik ta shekara 2 ƙarƙashin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin na cikin waɗanda suka fara wannan horo a Najeriya. A nan ake koyon abin da ba a samu a kwance a ɗakin jinya: zaro mutum daga motar da ta murƙushe ba tare da an ƙarasa masa ƙashin baya ba, ɗaure wuya, sa ƙarin ruwa mota na gudu, da tantance wa za a fara ɗauka in mutum goma ne zube a titi. Inda gizo ke saƙa shi ne gurbin aiki. Legas na da tsarin motocin asibiti na LASAMBUS tun 2001, gwamnatin tarayya ta kafa nata na ƙasa baki ɗaya mai suna NEMSAS, amma a wurare da dama har yanzu direba da ɗan'uwan mara lafiya ne kaɗai a cikin motar. Mai wannan difloma ya shirya barin gida, ko neman kamfanoni masu zaman kansu.

Na uku doguwar hanya ce: karatun nas, lasisi, sannan kwas ɗin haɗari da agajin gaggawa. Ya fi cin kuɗi da lokaci. Ni dai in ƙanina ne, kuma yana son zama a Kano ko Sakkwato, nan zan tura shi, domin lasisin nas kowane asibiti ya san shi.

Mutanenmu na Gana nasu daban: hukumar motocin asibiti ta ƙasa ke ɗiban matasa ta horar da su a Nkenkaasu.

Ko wacce makaranta ka zaɓa, duba sunanta da na kwas ɗin a jerin hukumar da ke kula da ita, kada ka tsaya ga allon bakin ƙofa. Sannan ka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe, ba magatakarda ba: dare nawa suka kwana a imajensi, sau nawa suka fita da mota?