Makullin ƙofa mai madannai wanda ba ya cin batir: abin da muka gani cikin shekara guda

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu da ke yankin Auyo a Jihar Jigawa, kuma cikin ayyukan da aka ɗora mini har da kula da siton da muke ajiye taki, da irin shinkafa da na alkama, da maganin feshi, da injinan ban-ruwa guda biyu da 'yan ƙungiya ke karɓa aro. Mutum biyar ne ke da izinin buɗe wannan sito. Shekara da shekaru da kwaɗo muke rufe shi, kuma mabuɗin kwaɗon ya fi ba mu wahala a kan ɓarawo. Wanda yake riƙe da shi zai tafi fadama tun asuba, ko ya shiga Haɗeja kasuwa, sai manomi ya zo da amalanke ɗaukar inji ya zauna a gindin darbejiya har azahar, alhali shukarsa tana can tana ƙishi. Da muka yanko mabuɗai biyar aka raba, biyu suka ɓata kafin a yi girbin alkama, kuma ba wanda ya iya cewa a hannun wa suka faɗa.

Wannan ne ya kai ni kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda wani mai sayar da kayan gini ya nuna mini makulli iri biyu masu lambar sirri. Ɗaya na lantarki ne mai batir, ɗayan kuwa duk aikinsa na ƙarafa ne da sifirin, babu waya a cikinsa ko ɗaya. Na ɗauki na biyun ba tare da dogon tunani ba, domin a garin da wuta ba ta zama, kuma zafin bazara ke cinye batir, abin da zai mutu ya bar mutane a waje ba namu ba ne. Ƙirar ƙasar Sin ne, kuɗinsa kuma ya kai na kwaɗo mai kyau guda uku ko huɗu.

A fuskarsa akwai madannai goma sha huɗu a jere biyu: lambobi daga 0 zuwa 9, da haruffan X, Y da Z, sai kuma C wanda ake fara dannawa domin ya goge duk abin da aka danna a baya. A cikin kwalin akwai hannun ciki, da harshen makullin, wato ƙarfen da ke shiga firam ya riƙe ƙofa, da farantin da ake kafawa a jikin firam, da takardar awo mai nuna wuraren da za a huda, da robobi biyu da ake shimfiɗawa tsakanin makullin da ƙofa, da ɗan hantsaki, da kati mai ɗauke da lambar da aka saka masa daga masana'anta. Takardar bayanin da Turanci kaɗai aka rubuta ta, da ƙananan haruffa, kuma hotunanta sun fi rubutunta amfani.

A wajen sakawa muka fi shan wuya, kuma a nan nake so mai niyyar saye ya tsaya ya yi nazari kafin ya fitar da kuɗinsa. An ƙera wannan makulli ne domin ƙofar katako mai kaurin milimita 35 zuwa sama. Ƙofofinmu na karkara kuwa, galibinsu aikin mai walda ne, falle ɗaya na ƙarfe a kan bututu mai inci ɗaya, wato kimanin milimita 25, kuma harshen makullin yana buƙatar rami mai faɗin haka shi kaɗai. Babu yadda za a yi ya zauna. Sai da mai waldar garinmu ya yanke wani sashe na ƙofar, ya haɗa ɗan akwatin ƙarfe mai kauri a wurin, sannan aka manna takardar awo aka huda da injin huda da muka kunna da janareta. Daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar sandar da ke juya harshen milimita 60 ne, kuma kuskure mai kaurin tsinken ashana kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Haka ta faru da mu a karon farko: ramin ya ɗan karkata, sandar tana gogar gefe, hannun kuma in an murɗa ba ya komawa da kansa. Mai waldar ya ce da ni, “Malam, wannan ba ya son ƙarfi, awo yake so,” ya kwance shi ya gyara ramin da zarto mai goga, sannan ya sassauta kusoshin kaɗan, domin ɗaure su tamau ma yana sa madannan su cije. Mun fara da hantsi, ba mu gama ba sai bayan la'asar.

Akwai wani ɗan tsinke a gefen harshen makullin wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Idan an rufe ƙofa, harshen ne kaɗai ya kamata ya shiga ramin farantin, shi kuwa tsinken ya tsaya a danne a jikin farantin, domin shi ke hana a tura harshen baya da wuƙa ko wani siririn ƙarfe. Idan aka yi ramin da faɗi har tsinken ya faɗa ciki, an zubar da wannan kariya. Ya kamata kuma a gwada lambar sau da dama ƙofa tana buɗe kafin a yarda a rufe ta, musamman a irin namu da ba shi da mabuɗin ko-ta-kwana.

Da ya fara aiki, sauƙin da muka samu ya fi abin da na yi zato. Ƙofar tana kulle kanta da zarar an jawo ta, saboda haka mantuwar da ke sa a bar sito a buɗe ta ƙare. Daga ciki ana fita ba tare da danna komai ba. Ranar rabon taki, da ake ta shiga da fita da buhuna, akwai ɗan maɓalli a hannun ciki da ake turawa ya riƙe harshen, sai ƙofar ta zauna a sake har a gama. Na yi fargabar shugabanmu, dattijo ne da ya yi karatun allo bai yi na boko ba, zai sha wahala da lambobin. Sai ga shi ya haddace su ta wurin zamansu, na biyu a hannun dama, na huɗu a hannun hagu, har ya zama yana buɗewa da daddare ba tare da tocila ba. Tun daga ranar ba a sake aiken yaro fadama neman mabuɗi ba.

Amma dole in faɗi inda rauninsa yake, domin mai shagon bai gaya mini ba, a hankali na gano. Makullin bai damu da jerin da aka bi wajen danna lambobin ba. Idan lambar sirrin ita ce 2, 5, 7, 9, to wanda ya danna 9, 7, 5, 2 ma ƙofa za ta buɗe masa. Ba a kuma iya maimaita lamba ɗaya sau biyu. A jikin kwali an rubuta cewa yana da haɗin lambobi fiye da dubu takwas, kuma lissafin gaskiya ne idan aka haɗa duk yadda za a iya zaɓa daga madannai goma sha uku, tun daga lamba ɗaya har zuwa dukkansu. Sai dai mai amfani da lambobi huɗu yana cikin haɗi 715 ne kacal, mai biyar 1,287, mai shida 1,716. Abin da ya fi wannan damuna shi ne hunturu. Da ƙura ta sauka a watan Disamba, fuskar makullin ta yi fari fat, in ban da madannai biyar da yatsunmu ke shafewa kullum, waɗanda suka fito suna ƙyalli. Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar ya karanta sirrinmu ba tare da ya tambayi kowa ba. Yanzu mun rataya tsumma a gefe, kuma ƙa'ida ce ga wanda ya buɗe ya goge fuskar gaba ɗaya, sannan mai walda ya yi mana 'yar rumfar ƙarfe a samansa, wadda ke tare ƙura da ruwan sama da kuma idon mai tsayawa a baya.

Canza lambar ma ba aikin minti ɗaya ba ne. Sai an kwance makullin daga ƙofa, a kifa shi a kan tabarma ko faifai, a cire farantin bayansa, a danne C a riƙe shi, sannan a yi amfani da hantsakin nan wajen sauya wa 'yan ƙarafan cikinsa wuri. A namu masu jan kai su ne na lambar sirri, masu shuɗin kai kuma na sauran madannan, kuma kowanne yana da ɓangaren da dole ya fuskanta. Ƙanana ne ƙwarai, in ɗaya ya faɗa cikin yashi da wuya a gan shi. Sau uku na yi wannan aiki, ɗaya daga ciki lokacin da wani cikin mu biyar ya ajiye muƙaminsa, kuma kowane karo ya ci mini kusan rabin sa'a. Duk da haka ya fi sauƙi a kan sayen sabon kwaɗo da yanko sababbin mabuɗai.

Damina ba ta yi masa illa ba, sai ɗan dusashewar launi. A tsakiyar hunturu madannai biyu sun fara nauyi, wani ya kawo shawarar a ɗiga musu baƙin mai, na hana, domin mai da ƙura in sun haɗu taɓo suke zama a cikin ƙarafan. Busa ƙurar da famfon keke da ɗan man feshi marar danƙo sun wadatar.

Ga wanda ke da ɗakin da mutane da yawa amintattu ke shiga da rana, kamar ofishin makarantar Islamiyya, ko ɗakin ajiyar masallaci, ko siton ƙungiya irin namu, ina ba da shawarar a saye shi, da sharaɗin a fara auna kaurin ƙofa kuma a sa kuɗin mai walda cikin lissafi. Wanda kuwa yake neman abin da zai tsare masa buhunan riɗi ko shagonsa cikin dare, kada ya dogara da shi shi kaɗai, domin harshensa gajere ne, jikinsa kuma ba zai jure dukan guduma ba. Mu da rana shi muke amfani da shi, bayan sallar isha'i kuwa shugabanmu yana ƙara sakata da babban kwaɗo, mabuɗin kuma a wurinsa yake kwana har asuba.