Neman gidan haya a Bronx: bayani zuwa ga Yaya a Katsina

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Inna, na ga ya dace in rubuto maka amsar tambayar da ka yi mini a waya, ta dalilin da ya sa na shafe wata uku ina raɓe a ɗakin abokin aikina, alhali mai ɗakina da yara suna nan Ƙofar Ƙaura suna jiran a ce su taho. Na san a wurinka abin ya yi kama da sakaci, domin a Katsina mutum kan iya ganin gida da hantsi, ya biya dillali la'adarsa bayan azahar, ya kai tabarma kafin magariba.

A gida, mai neman haya shi ne yake bincike. Yakan tambayi maƙwabta halin unguwa, ya ji ko famfo yana kawo ruwa ko sai an saya wurin 'yan garuwa, ya duba ko kwata tana cika da damina, idan kuma mai gida yana son sanin ko wane ne shi, tambayar mai unguwa ko limamin masallaci ta wadatar. A nan Bronx kuwa, wani yanki na birnin Niyok, mai gida ne yake fara bincikenka, kuma ba ya tambayar kowa asalinka. Takardu yake karantawa. Yana son ganin takardun albashi da bayanin asusun banki, da wani maki da ake ba kowane mutum a Amurka gwargwadon yadda yake biyan bashi, wanda yake tashi daga 300 zuwa 850. Baƙo irina da bai taɓa cin bashi a ƙasar ba ba shi da wannan maki, don haka rashin bashin da ake yabon mutum da shi a Katsina shi ne ya zame mini cikas a nan. Bugu da ƙari, al'adar masu gidaje a wannan birni ita ce albashin mutum na shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40, ma'ana gidan dala 2,000 a wata yana buƙatar mai samun dala 80,000 a shekara. Wanda bai kai ba sai ya kawo mai tsaya masa, shi kuma galibi ana neman nasa albashin ya ninka sau 80.

Akwai inda tsarinsu ya fi namu sauƙi, kuma adalci ne in faɗa. Wata-wata ake biya, ba a tara wa mutum kuɗin shekara guda a gaba kamar yadda muka saba. Dokar jihar Niyok ta 2019 ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, ta wajabta masa mayar da su cikin kwana 14 bayan mai haya ya tashi, tare da rubutaccen bayanin abin da ya cire idan an yi ɓarna, ta kuma taƙaita kuɗin binciken takardu a kan dala 20. Tun watan Yunin 2025 kuma, wanda ya ɗauko dillali shi ne yake biyansa la'ada, ba a ɗora wa mai haya kuɗin dillalin mai gida.

Wuri na farko da aka kai ni rukunin benaye ne masu hawa da yawa, da filin wasan yara a tsakiya da mai gadi a ƙofa. Da rana na je, an yi wa ɗakunan sabon fenti, rana tana shigowa ta taga, har na fara lissafin inda gadon yara zai zauna. Wani dattijo Bahaushen Ghana, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin nan, shi ne ya ce mini kada in sa hannu sai na yi abu biyu. Na farko, in shigar da adireshin ginin a shafin intanet na hukumar gidaje ta birni, inda ake ajiye ƙorafe-ƙorafen da masu haya suka kai ta lambar waya 311 da laifuffukan da jami'an duba gini suka samu. Na biyu, in koma wurin da daddare. Na yi duka biyun. A shafin na ga ƙorafin rashin ɗumi jere da juna a watannin sanyin da ya wuce, haɗe da na ɓeraye da kyankyasai. Da na koma bayan isha'i kuma na tarar lif ɗaya, wato na'urar da take hawa da mutane bene, ya tsaya, babu kowa a teburin mai gadi, wata mata 'yar Senegal da na yi wa sallama a bakin matakala ta ce mini tun makon da ya gabata take hawa bene na tara da ƙafa, ga goyo. Daga nan na janye takarduna.

Batun ɗumin nan shi ne nake so ka fahimta sosai, domin ba mu da makamancinsa. Hunturun Katsina, komai tsananinsa, bargo da kaskon wuta suna maganinsa, kuma da rana ta ɗaga an manta. A nan ruwa yakan daskare a kan titi tsawon kwanaki, kuma ɗakin da babu ɗumi yana iya kwantar da yaro a asibiti. Shi ya sa doka ta ɗora nauyin ɗumama gida a kan mai gida daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, idan sanyin waje ya sauka ƙasa da kimanin digiri 13, dole cikin ɗaki ya kai digiri 20 a ma'aunin da muka saba da shi, da daddare kuma kada ya gaza kimanin 17. Ruwan zafi a famfo wajibi ne duk shekara. Dokar tana nan a rubuce, amma cika ta ya danganta da halin mai gida da na mutumin da yake kula da ginin, wanda suke kira sufa. Na lura cewa tambayar masu haya sunan sufa da saurin amsa wayarsa ta fi kowace takarda bayyana gaskiyar gini.

Idan ɗumin gini ya gaza, mutane sukan sayi ƙaramar na'urar lantarki su kunna a ɗaki, kuma irin wannan na'ura ce ta haddasa gobarar da har yau 'yan Afirka ta Yamma a Bronx ba su daina zancenta ba. Ranar 9 ga Janairun 2022 wuta ta tashi a wani bene mai hawa 19, mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, mafi yawansu kuma 'yan asalin Gambiya ne, Musulmi 'yan'uwanmu. Wutar ba ta yi nisa daga inda ta fara ba. Hayaƙi ne ya kashe su, domin ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ta tsaya a buɗe, hayaƙin ya bi matakala ya cika ginin. Allah ya gafarta musu. Tun da na ji wannan, duk gidan da aka kai ni nakan buɗe ƙofar shiga in sake ta in ga ko za ta rufu da kanta har makulli ya kama, in yi haka a ƙofar matakala, in kuma danna na'urar jin hayaƙi da ke silin. Wani dillali ya yi mini dariya a kan haka, ban kula shi ba.

Saboda yara, na kuma tambayi takardu biyu da doka ta ba ni damar gani. Ɗaya ita ce ta tarihin kuɗin cizo a ginin cikin shekarar da ta wuce, ɗayar kuma ta fenti mai gubar dalma, wadda ake bayarwa a gidajen da aka gina kafin 1978. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai raina wannan takarda ba. Haka nan dole ne mai gida ya sa ƙarfen kariya a tagogi idan akwai yaro ɗan shekara goma ko ƙasa da haka.

Bayan gini sai unguwa, ita kuwa da ƙafa na auna ta. Na ƙirga mintunan da ke tsakanin ƙofar gida da tashar jirgin ƙasa, domin tafiyar da ba a jin ta da bazara takan zama azaba cikin dusar ƙanƙara, kuma jiragen birnin suna aiki dare da rana. Na nemi masallaci mafi kusa na yi sallar asuba a can don in ga ko hanyar tana biyuwa a wannan lokaci. Masallatan nan da yawa shaguna ne ko gidaje aka mayar, wanda bai sani ba zai wuce su. Tun 2023 hukumar birni ta yarda a kira sallar Juma'a da lasifika ba tare da neman izini ba, makarantun gwamnati kuma suna hutun sallah ƙarama da babba tun 2015. Makarantar firamare galibi adireshin gida ne yake zaɓa wa yaro, saboda haka na je na tsaya a ƙofarta lokacin tashi, na ga yadda iyaye suke ɗaukar 'ya'yansu. Ta fannin cefane babu damuwa, akwai shagunan 'yan Afirka masu sayar da gero da kuka da daddawa da manja, akwai mahautan halal, sai dai abin da ake auna mana da tiya a Babbar Kasuwa a nan cikin 'yar leda yake zuwa, farashinsa kuma gara kada Inna ta ji.

Abin da kuɗi ba za su samar mini ba shi ne fasalin gidanmu. Babu zaure, baƙo yana ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo tsakiyar iyali. Babu tsakar gida, babu igiyar shanya, wanki a ɗakin ƙasa ake yi da injin da ake biya, ko a ɗauka zuwa shagon wanki. Na riga na faɗa wa mai ɗakina cewa daka ba zai yiwu ba, domin ƙasan ɗakinmu rufin wani ne. Ruwan famfo kuwa ba ya ɗaukewa, daga madatsun da ke arewa da birnin yake gangarowa, ana shan sa kai tsaye, kuma yana cikin kuɗin haya. Wutar lantarki ce nake biya daban.

Gidan da na kama a ƙarshe yana hawa na uku a wani tsohon bene mai hawa shida. Ɗakunan kwanansa biyu sun fi na wancan rukuni ƙanƙanta, babu filin wasa, kuma ya fi nisa da tashar jirgi da kusan minti biyar. Amma ƙorafinsa a shafin hukuma kaɗan ne, sufa a cikin ginin yake zaune da iyalinsa, ƙofofi suna rufe kansu, kuma ko lif ya tsaya hawa uku ba zai gagari mace da yara ba. Na sa hannu a yarjejeniyar shekara ɗaya bayan na ɗauki hoton kowane bango da kowane famfo, saboda ranar karɓar kuɗin ajiya. Don Allah ka sanar da surukaina cewa wuri ya samu, za a kafa ƙarfen tagogi kafin yara su iso. A kayan da za su taho da su kada a sa kilishi ko dambun nama, domin jami'an kwastan na nan ba sa barin nama ya shigo. Ka gaishe mini da Inna da kowa da kowa.