Takalmin tattaki mai hana ruwa shiga: idan ruwan ya shiga, ba ya fita

Mu biyu muka sayi wannan takalmin a cikin ayarinmu na mutum huɗu, kuma da shi muke atisayen tattakin tara kuɗin agaji na kilomita 100. Tsarin irin na Trailwalker ne, wanda sojojin Gurkha ('yan Nepal da ke cikin rundunar Birtaniya) suka faro a Hong Kong a 1981 kafin ƙungiyar agaji ta Oxfam ta shigo ciki: mutum huɗu su tashi tare, su isa kowane zango tare, su gama tare. Na kawo wannan ne don a san irin aikin da aka sa takalmin. Idan takun mutum santimita 75 ne, kilomita 100 ya haura taku dubu 130. Ɗan gogar da ba za ka ji ba a yawon awa ɗaya, a nan sai ya yi ta nanatawa har ya ci fata.

A farko ba a cewa komai. Haƙoran ƙasansa sun kai milimita 5, suna kama laka da tsakuwa, a kan jiƙaƙƙen dutse ma santsinsa kaɗan ne. Muddin tafiyar ba ta wuce awa uku zuwa huɗu ba, ƙafa a bushe take komawa gida.

Atisayen dare ne ya tona masa asiri. Duk mai shirin kilomita 100 dole ya gwada tafiyar dare, don ranar tattakin sai dare ya riske shi a hanya. Hanyar ta ratsa ciyawa mai tsayi har gwiwa, raɓa ta sauka, wando ya yi sharkaf. Ta gaba ko ta gefe ko ɗigo bai shiga ba, wannan kam masu takalmin sun cika alkawari. Ta sama ruwan ya biyo. Bakin safa ya jiƙe, safar ta riƙa jan ruwa zuwa ƙasa kamar lagwanin fitila, kafin awa biyu kana jin cakwal-cakwal a kowane taku.

Dalilin a ƙirar takalmin yake. Tsakanin ƙyallen waje da rufin ciki akwai wani siririn shafi mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ɗigon ruwa ba ya ratsa su, tururin gumi ne kawai ke fita. Shi ma tururin sai idan ƙyallen waje bai jiƙe ba, kuma iskar waje ta fi ta ciki bushewa. Da zarar ƙyallen ya sha ruwa, numfashin takalmin ya tsaya. Ga shi tafin ƙafa na cikin wuraren da suka fi zubar da gumi a jikin mutum. Raɓa ta sama, gumi ta ƙasa, babu hanyar fita.

Abin haushin, abokan tafiyarmu biyu masu takalmin raga na yau da kullum sun riga mu jiƙewa, amma sun riga mu bushewa. A zango kowa ya cire safa, ya goge ƙafa, ya sa sabuwa. Su nasu ruwan yana tsiyayewa ta raga, zafin ƙafa ya ƙarasa sauran. Mu kuwa rufin ciki ya riƙe ruwa, cikin kwatan awa sabuwar safar ta koma tsamo-tsamo. Safa uku aka tanada wa kowa, duk na ulun tunkiyar merino, babu auduga ko ɗaya, kuma duk suka ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Da aka haska tocila a zango na gaba, tafin ƙafar abokina ya yi fari fat, ya yamutse, fatar ta yi laushin da yatsa ke iya motsa ta. Mutane da yawa suna ɗauka ƙuna ce ke kawo bororon tafiya. A'a. Ƙashi ne ke motsi a ciki, safa mai damshi ta riƙe fata a waje, tsakanin biyun sai shafukan fatar su rabu, ruwa ya cika gurbin. Fata mai damshi ta fi busasshiya kama safa, shi ya sa abin ya yi sauri. Ga kuma wani ɗinki da ya sauko ta tsakiyar dunduniya a cikin takalmin. Yana bushe ba ka san da shi ba, yana jiƙewa sai ya kumbura ya yi tauri. Daidai wurin nan mu biyun muka yi bororo, ƙafa iri ɗaya, wuri ɗaya. Wannan ba laifin ƙafar kowa ba ne.

Filasta ta ƙi zama. Tef mai sinadarin zinc, wanda shi ne abin dogaro, busasshiyar fata yake so, an ma fi son a manna shi tun daren jajibirin tafiya, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada safa ta ɓare shi. A kan jiƙaƙƙiyar fata nannaɗewa yake yi ya zama dunƙule, ya ƙara wani ciwon. Gudunmu ya sauko daga kilomita 5 a awa zuwa 3. Abokina ya fara taka gefen ƙafa don kare dunduniya, ba a jima ba gwiwa ta amsa. Tunda tafiyar ta tare ce, ƙafa ɗaya ta tsayar da mutum huɗu, aka kira mai mota ya kwashe mu ba a cika zangon ƙarshe ba. Mutanen da suka yi alkawarin gudummawa suna bibiyar atisayen nan, zuciya ba ta ji daɗi ba ko kaɗan.

Sai kuma bushewa. A cire shimfiɗar ciki, a sassauta igiya har ƙasa, a cusa tsohuwar jarida, a riƙa canza ta, duk da haka kwana biyu yake ɗauka. Ba a kai shi kusa da wuta, don gam ɗin da shafin duk suna lalacewa. Ga mai atisayen kwana biyu a jere, doguwa yau, matsakaiciya gobe don ƙafa ta saba da tafiya cikin gajiya, wannan ya rushe tsarin mako.

Amma in za a yi adalci, akwai inda ya ciri tuta. Gabansa da faɗi, yatsu suna baje kansu. Ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, don haka a ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya, a gwada da yamma, da safar da za a yi tattakin da ita, a bar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Yana da ƙarin huda ta can sama, wadda ake yin madauki da ita a ɗaure dunduniya ta zauna daram. Da wannan ɗaurin, a gangara mai tsawo yatsu ba su taɓa dukan gaba ba, babu farcen da ya yi baƙi. Ɗaya daga cikin masu takalmin raga ya rasa farce. Saboda wannan kaɗai na so in ba shi taurari uku.

To amma da na sake duba cikinsa sai raina ya sake ɓaci. Rufin dunduniyar ya huje tun bai cika kilomita 300 ba, soson ciki ya leƙo. Takalmin irin wannan ana sa ran sosonsa ya kai kilomita 500 zuwa 800, kuma atisayen wata huɗu kaɗai yana iya cinye kusan haka. Ke nan ko ranar tattakin ba zai gani ba, ga shi ba a shiga tattaki da sabon takalmi. Igiyarsa mai zagaye ce, mai sulɓi, tana kwancewa sai an yi ƙulli biyu. Da aka kai ƙorafi wurin mai sayarwa da hoton hujin, amsar ita ce wai amfani ne ya cinye shi, ba ya cikin garanti. Takalmin tafiya, a ce tafiya ce laifinsa!

Taurari biyu. Mai gajeriyar tafiya a lokacin sanyi, a kan ciyawar da ba ta wuce idon sawu ba, zai ji daɗinsa, musamman in ya haɗa da abin rufe bakin takalmi da ƙwauri. Mai shirin kwana a hanya ya nemi na raga mai saurin bushewa, ya ƙara yawan safa. Wanda kuma ya nace sai wannan, ya zura hannu ciki tun a wurin saye, ya shafa dunduniyar da yatsa. In ya ji tudun ɗinkin, ya ajiye.