Renon ƙwayoyin iPSC: da hannu ko da na'ura?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta tambaya: ƙaramin ɗakin bincike da ke renon ƙwayoyin asali na iPSC (ƙwayoyin jiki da aka mayar da su baya har suna iya zama kowane irin ƙwayar jiki), irin waɗanda Shinya Yamanaka ya samar daga ƙwayoyin ɗan Adam a 2007, ya ci gaba da aiki da hannu ne, ko ya nemi na'ura mai sarrafa kanta?

Malama, aikin ɗaya ne ko ta wace hanya. Zafi digiri 37, iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari, a canza ruwan abinci kullum, mililita 2 a kowace rijiya (ramin da ƙwayoyin ke zaune a ciki) ta faranti mai rijiya shida, saboda sinadarin FGF2 da ke cikin ruwan, wanda ke riƙe su a matsayin ƙwayoyin asali, ba ya daɗewa a wannan zafin. Bayan kwana huɗu ko biyar, in sun rufe kashi 70 zuwa 80 na rijiyar, a ɗaga su da EDTA, sinadarin da ke saki ƙwayoyin daga jikin faranti, a raba.

Ribar hannu ido ne. Ƙwararre yana leƙa madubin ƙara girma zai ga gefen gungun ƙwayoyin ya daina santsi, alamar sun fara rikiɗa zuwa wasu irin ƙwayoyi, ya kankare wurin tun bai yaɗu ba. Illarsa, hannu biyu ba sa zuwa ɗaya: wani ya bar EDTA ya wuce lokaci, wani ya tsotsa da ƙarfi ya farfasa gungun. Ga Asabar da Lahadi, ƙwayoyi ba su san hutu ba.

Na'ura ba ta gajiya, abin da ta yi yau shi za ta yi gobe. Shi ya sa cibiyoyin bincike na NYSCF a New York da RIKEN a Japan suka rungume ta. Amma tana da nata cikas. Matrigel, ruwan da ake shafe faranti da shi don ƙwayoyin su manne, yana daskarewa da zarar ya ɗumama, ya toshe bakin bututu. Sau da yawa sai an warware ƙwayoyin ɗaiɗai don a ƙirga su, kuma a haka suna mutuwa in ba a sa sinadarin kariya Y-27632 maikromola 10 ba. A faranti mai rijiya 96, rijiyoyin gefe sun fi ƙafewa. In ƙwayar cuta ta maikoplasma ta shiga, wadda ba ta dagula ruwa balle a gan ta, tana iya bin farantai da yawa kafin gwajin PCR, mai gano ƙwayar halittarta, ya tona ta.

In layukanki, wato ire-iren ƙwayoyin da kike reno, ba su da yawa, ki zauna kan hannu, ki rubuta ƙa'idar aiki ɗaya da kowa zai bi. Kuɗin na'urar ya tafi ga wutar da ba ta yankewa da gwajin kromosom (ma'ajin gadon halitta a cikin ƙwaya), musamman masu lamba 12, 17 da 20, inda sauyi ya fi aukuwa.