Sharhi: CMakePackageConfigHelpers wajen girka laburaren C++

Duk mai rubuta laburare (wato tarin lambar kwamfuta da wasu manhajoji ke ɗauka su yi aiki da ita) da C++ ya san aiki bai ƙare ba sai ranar da wani ya girka shi, ya kira find_package (umarnin da ke nemo laburaren da aka girka), manhajarsa ta same shi ba tare da ya dawo yana tambayar inda aka zuba fayiloli ba. Don wannan na yi amfani da CMakePackageConfigHelpers, wanda ke cikin CMake, kayan aikin tsara ginin manhaja, tun siga ta 2.8.8, wajen shirya wani ƙaramin laburare na matse bayanai da ke dogara da wani laburaren mai suna zlib.

Abin da ya fi burge ni shi ne configure_package_config_file. Idan mutum ya rubuta fayil ɗin Config, wato wanda find_package ke karantawa don sanin inda laburaren yake, da hannu, yakan dasa cikakkiyar hanya irin /usr/local a ciki, ranar da aka ɗauke foldar zuwa wani wuri kuwa sai komai ya watse. Wannan kayan aikin ya raba ni da matsalar. Layi ɗaya ake sawa a saman fayil ɗin .cmake.in da ake samar da Config daga gare shi, wato @PACKAGE_INIT@, shi kuma sai ya lissafo tushen girkin daga inda fayil ɗin kansa yake zaune. Na girka laburaren a /opt, na kwashe foldar gaba ɗaya na kai ta wani wuri, na nuna wa CMAKE_PREFIX_PATH (jerin wuraren da find_package ke dubawa) sabon wurin, manhajar gwaji ta haɗu lafiya lau. Na buɗe fayil ɗin da ya samar don in gani da idona, sai ga PACKAGE_PREFIX_DIR da jerin ../../../ yana komawa baya har tushe. Masu haɗa ƙunshi na Conan da vcpkg, kayan aikin rarraba laburaren C++, irin wannan suke so, domin injin da aka gina laburare a kai ba lallai ne shi za a yi aiki da shi ba.

Fayil ɗin siga bai ba ni wahala ba. Na kira write_basic_package_version_file na zaɓi SameMajorVersion, ta yadda wanda ya nemi 1.2 zai karɓi 1.5 amma ba za a ɗora masa 2.0 ba. Wanda laburarensa bai kai 1.0 ba gara ya ɗauki SameMinorVersion, da aka ƙara a 3.11.

Inda ban gamsu ba shi ne batun laburaren da naka ya dogara da su. Umarnin install(EXPORT) yana rubuta ZLIB::ZLIB, sunan zlib a CMake, a fayil ɗin Targets da ke bayyana laburarenka, amma ba ya nemo zlib ɗin. Sai ka sa find_dependency(ZLIB) da hannunka a Config, in ba haka ba a wurinka komai zai tafi daidai, can a wurin mai amfani kuskuren zai fito. A ganina wannan nauyi ne da bai kamata a bar wa ɗan Adam ba, tunda CMake ya riga ya san abin da aka haɗa. Haka fayil ɗin .pc na pkg-config, wata hanyar nemo laburare ta daban, da hannu na rubuta shi ta configure_file, alhali a Meson, takwaran CMake, kira ɗaya na pkg.generate ya wadatar.

Duk da haka ba zan koma rubutun hannu ba. A haɗa CMakePackageConfigHelpers da GNUInstallDirs na CMake don ya bambance foldar lib da ta lib64, kuma kafin a saki kowace siga a gina wata 'yar manhaja daban da za ta nemo laburaren daga inda aka girka shi.